Kawu Abdulƙadir, Mai Kai Mu Bakin Gulbi

Na Allah ne mu, kuma gare Shi ake mayar da mu. Wani daga kan shimfiɗarsa, wani daga bakin ruwa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba na shekarar 2025, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, Malam Abdulƙadir Umar, direban bas a Gusau, wanda jama'a suka fi sani da Ƙadiri Na-Gulbi. Ina cikin aji ina koyarwa aka leƙo aka ce ana sallama da ni a ƙofar makaranta. Na fita na tarar da babban ɗansa, Anas, tsaye a rana, ƙafafun wandonsa jiƙe, yashi ya manne musu har gwiwa. Ban tambaye shi komai ba, don na san inda ake samun irin wannan yashin, na kuma san mutum ɗaya tak da zai sa Anas ya je can ranar aiki.

Kawu, ni ce Hauwa'u. Kai ka ɗauko mu ni da mahaifiyata bayan rasuwar mahaifina, ka ba mu ɗaki a gidanka na Tudun Wada, ka sa ni makaranta, ka aurar da ni. Jama'a sun yi ta zuwa gaisuwa, kowa da abin da yake faɗa a kanka. Na ga ya dace ni ma in faɗi nawa, tun da na zauna bayan kujerarka a tafiye-tafiyenka na bakin gulbi fiye da kowa, na ga da idona abin da wasu suka ji a bakin mutane.

A Tungar Faru aka haife ku kai da mahaifiyata, wani ɗan ƙauye a ƙetaren gulbi, tsakanin Gusau da Bungudu. Kakanmu masunci ne, saboda haka ka iya iyo kafin ka iya ɗaura wando. Ka shigo Gusau kana saurayi, ka yi yaron mota, ka zama direba, ka yi shekara da shekaru kana jigila tsakanin Gusau da Mafara. Amma ko a kan kwalta kake, hankalinka yana wajen ruwa. Fasinjoji sun sha yi maka tsiya, wai duk inda hanya ta kusanci gulbi sai ka rage gudu ka leƙa, kamar wanda ya zo wucewa ta ƙofar gidansu.

Wata shekara bayan kaka ka kwashe mu, mu da yaran maƙwabta, ka ce za ka nuna mana inda kuka tashi. Muka dawo muna ba da labari. Asabar ta gaba maƙwabtan da kansu suka ce sai an je da su. Kafin a jima abin ya zama al'ada: daga ɗaukewar ruwan sama har zuwa bazara, kowace Asabar bas ɗinka ba ya lodin Mafara. Malaman makaranta, 'yan kasuwa da iyalansu, ɗalibai, har baƙin da suka zo biki daga Tsafe, duk sun shiga. A tashi da hantsi, a fara da madatsar ruwa ta Gusau, daga nan a bar kwalta a bi hanyar gona gefen ruwa, ana tsayawa ana sauka, a dawo gida kafin la'asar.

Har yanzu ina ganinka a gaba, da sandarka ta gora, wando a naɗe, kana nuni. Ga lambunan rake da albasa. Ga falalen dutsen da mata ke shanya wanki, ya yi sulɓi saboda daɗewa. Ga zalɓe can tsaye da ƙafa ɗaya, ga agwagin ruwa, kirinjijiya, sun yi dafifi a kan yashi. Ga mashayar da abokinka Bello ke kawo shanunsa, inda matarsa Amina take jiran mu da ƙwaryar nono da fura. Ba ka gajiya da tambaya, ko ta yaro ce. Akwai wani makaho mai sayar da igiya a kasuwa da ya ce shi ma zai je. Wasu suka yi dariya. Kai kuwa ka zaunar da shi kusa da kai, kana faɗa masa duk abin da ake wucewa, da aka sauka ka riƙe hannunsa ka shigar da shi ruwa har ƙauri. Yana tsaye a ciki ya ce rabonsa da jin ruwa yana tafiya a jikinsa tun idonsa na gani. Daga ranar ba ka sake tafiya ba tare da ka aika an tambaye shi ba.

Amma tun a wancan lokaci na daɗi akwai abin da kake yi da ke sa jikina sanyi. Daf da Tungar Faru, a wannan gaɓar tamu, akwai wani wuri mai zurfi da ake kira Ramin Kada. Ruwansa baƙi ne, ba ya ƙafewa ko da rani ya kai rani. Duk sa'ad da muka isa can sai ka kashe mota, ka hana kowa sauka, ka fita kai kaɗai ka yi sallama da ƙarfi, ka tsaya kamar mai jiran amsa. Yawanci sai ka juyo ka ce bismillah, a sauko. Wata rana kuwa ka yi sallamar, ka jima tsaye, ka dawo ka tada mota muka wuce. Mutane suka yi ta gunaguni, don nan ne ake shimfiɗa tabarmi a ci abinci. Washegari Bello ya aiko cewa gaɓar ta rufta cikin ruwa, har da inuwar da muke zama. Na tambaye ka yadda aka yi ka sani. Ka ce: "Ban sani ba, ɗiyata. Na dai yi sallama, ban ji wurin ya karɓa ba. Ko tsuntsu guda babu." Ba ka ƙara komai a kai ba, ba ka kuma yarda a riƙa ba da labarin a gabanka ba.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. 'Yan bindiga suka addabi ƙauyukan ƙetare. Yau a kwashe shanu, gobe a ɗauki mutum, jibi a ƙone rumbu. Ƙauyuka suka riƙa watsewa ɗaya bayan ɗaya, har abin ya kai ga Tungar Faru. Mutanenta suka ƙetaro da abin da kai zai iya ɗauka, suka bazu a kangayen gine-gine da zaurukan 'yan'uwa a Gusau da Bungudu. Masu yawon shan iska suka janye, ba wanda ya ga laifinsu. Ka naɗe tabarminka ka ajiye, ka koma lodin Mafara har da ranar Asabar. A wannan tsakanin ka rame. Matarka, Hajiya Luba, takan ce kana cin abinci kamar mai shan magani.

Wadda ta sake fitar da kai ita ce Inna Lantana, wata tsohuwa 'yar garinku. Ɗa ɗaya gare ta, Salisu. Bayan sun gudo Gusau, yunwa ta matsa, Salisu ya koma don ya ɗebo hatsi a rumbunsu, bai dawo ba. Ba a ga gawarsa ba, ba wanda ya kira ya ce yana hannunsa. Ya dai shiga garin, shi ke nan. Ina gidan ranar da ta zo, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shiga ɗaki.

Ta ce: "Ƙadiri, ban zo roƙon hatsi ba. Kai ni in ga gidana."

Ka ce: "Inna, ba a shiga garin nan yanzu."

Ta ce: "Ban ce ka shigar da ni ba. Daga wanga gefe ai ana hango shi. Ko ido ma sun hana?"

Asabar ɗin nan ka kai ta. Ka ce in zo in zauna kusa da ita, don kada ta kasance mace ita kaɗai, shi ya sa na koma cikin tafiyar. Labari ya bazu a cikin 'yan gudun hijira, Asabar ta gaba mota ta cika tun kafin hantsi, ba mutanen Tungar Faru kaɗai ba, har da na ƙauyukan da ke jere da ita a bakin ruwa. Ba ka tashi sai ka kira Bello, wanda ya rage a wannan gaɓar da 'yan shanun da suka saura masa, ya tabbatar maka hanya lafiya. In ya ce a dakata, ka dakata. Sharaɗinka ɗaya ne: ba mai ƙetarawa.

Hanyar ita ce dai ta da, gulbin shi ne, kai ma kai ne da sandarka. Amma tafiyar ta zama wata aba dabam. Ba waƙa a mota, ba yara masu tsalle. In an isa, sai mutane su jeru a kan yashi su zuba wa ƙetare ido. Garin yana nan tsaye da rana tsaka, ba hayaƙi, ba kukan akuya, ba carar zakara. An yaye kwanon masallaci. Ciyawa ta fi katanga tsawo. Ƙofofi a buɗe, baƙi ƙirin, kamar bakunan da aka hana magana. Kai ne kake taimaka wa masu raunin gani: "Ga gidanku can, Inna, bayan iccen farun. Katangar gabas ta faɗi, amma ɗakinki yana nan." Mata su riƙa gaida gidajensu a hankali, kamar masu gaida mara lafiya. Akwai Malam Kabiru, wani dattijo da ya yi limancin garin, wanda kan matsa bakin ruwa ya fuskanci maƙabarta ya yi wa iyayensa addu'a, sannan ya ɗaga murya ya ba su labari: wance ta haihu, wane ya rasu a Gusau, bana gero ya yi kyau a wannan gefen. Muryarsa ta ƙetare ruwa ta shiga garin, ba ta dawowa. Na sha jin tsikar jikina ta tashi, amma na lura mutanen nan in sun dawo sukan yi barci, su ci abinci. Ka taɓa ce mini: "In sun daina ganin garin, garin zai daina zama nasu."

Ranar da ba zan manta ba, Kawu, ka san ta. Bayan mun yi sallar azahar ne a kan tabarmi, kusa da Ramin Kada. Rana fayau, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Sai muka ji daka. Daga cikin garin yake fitowa, taɓarya biyu suna lugude, ɗaya ta sauka ɗaya ta tashi, irin dakan matan da suka saba da juna. Kowa ya ji. Muka duba, ba hayaƙi, ba giftawar mutum, ba komai sai ƙofofin nan. Na kalle ka na ga fuskarka ta sauya. Ka ce a hankali: "Kowa shi tashi shi shiga mota. Kada a yi gudu."

Mun fara tafiya ke nan sai aka yi kira daga ƙetare. "Inna!" Murya siririya, mai ja. Aka sake: "Innaaa!"

Duk macen da ke kan yashin nan ta juya. Inna Lantana ta fizge hannunta daga nawa da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce: "Salisu na!" Ta nufi ruwa. Ba ta bi ta mashigi ba, ta miƙe sak ta wajen ramin. Kafin in yi ihu ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, zanenta ya taso yana yawo a kan baƙin ruwan. Maza suka daskare. Kai ka yar da sanda ka faɗa da rigarka. Ka cim mata ruwa yana wuyanta, ka riƙe ta ta baya. Tana dukanka, tana yaƙushi, tana cewa: "Sake ni, Ƙadiri! Ba ka ji shi ba? Yunwa yake ji!"

Ka ce: "Na ji, Inna. Na ji abin da kika ji. Amma in Salisu na, ya fi ni iya ruwa. Bari shi ƙetaro."

Ba ka ja ta da ƙarfi ba. Ka tsaya da ita a nan cikin ruwan, ka ɗaga kai ka fuskanci garin da aka haife ka, ka ƙwala kira: "Salisu! In kai na, ga Inna nan ta zo! Ƙetaro mu tahi gida!"

Dakan ya tsaya nan take, kamar an riƙe hannun masu yi. Wurin ya yi tsit. Muka tsaya muna kallon gaɓar can. Ba abin da ya fito. Ban san tsawon lokacin da kuka ɗauka a ruwan ba; na dai ga leɓunanka sun fara rawa. Daga ƙarshe tsohuwar ta saki jiki, ta ce da wata irin murya: "Da shi na, da ya amsa maka. Bai taɓa ƙin amsa kiranka ba." Ka ɗauko ta kamar jaririya ka kawo ta kan tabarma, muka lulluɓe ta da mayafina.

A hanyar dawowa sai wata mata da ke bayana ta raɗa mini cewa ba Salisu ba ne, muryar 'yarta ce da ta rasu a gudun. Wata kuma ta ce a'a, autanta ne. Ni da ban rasa ɗa ba, murya kawai na ji, ba ta namiji ba, ba ta mace ba. Da labarin ya shiga gari kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce 'yan bindigar daji ne suka yi dabara don su jawo wani ya ƙetara. Malamin unguwarmu ya ce gidan da mutane suka bari ba ya zama babu mazauna. Anas ya ce sauti ne iska ta ɗauko daga wata ruga ta bayan dutse, ko da yake ranar babu iska. Da aka matsa maka ka faɗi naka, sai ka ce: "Allah Shi ya san mi na. Ni dai da rai na kai ta, da rai na maido ta."

Zazzaɓi ya kwantar da kai bayan wannan. Hajiya Luba ta yi kuka, ta tara mu, ta ce mu roƙe ka ka bari. Na roƙe ka, Anas ya roƙe ka. Ka saurare mu har muka gama, ka ce kana jin tsoro kamar yadda muke ji, kuma tun ranar ba ka sake tsayawa a wurin nan gabanka bai faɗi ba. Amma ka ce mutanen nan in ba ka kai su ba za su je da ƙafarsu, ɗaya-ɗaya, ba mai riƙe su. Abin da ka sauya shi ne wurin tsayawa: ka koma kan wani tudu mai tsamiya, nesa da ramin, inda ake hango garin amma ruwa bai kusa ba. Inna Lantana kuwa ka ɗauko ta daga kangon da take ka ba ta ɗakin mahaifiyata, wanda ya zama babu kowa tun rasuwarta. Ba ta sake neman a kai ta gulbi ba. Wata rana da safe ta kira ka ta ce ta gama jira, a yi wa Salisu addu'a irin ta mamaci. Ka tara mutanen garinku a ƙofar gidanka, Malam Kabiru ya yi addu'a, aka raba waina. Ranar ce na fara ganin tsohuwar nan ta yi kuka irin na mai makoki, ba irin na mai jira ba. Ta rasu bara a hannun Hajiya Luba, kai ka sa ta a kabari.

Bana damina ta yi nauyi, ta ja lokaci. Ka daɗe kana fama da hawan jini, kana yawan dafe ƙirji in ka ɗauka ba mai kallonka. Safiyar Talatar nan ka ce wa Hajiya Luba za ka je ka duba ko hanyar gona ta bushe, don Asabar za a fara tafiyar bana. Ta ce ka ɗauki Anas. Ka ce yana da aiki, ba daɗewa za ka yi ba. Ka fita da mota babu kowa a ciki; 'yan tasha sun gan ka, mai sayar da mai ya gan ka.

Abin da ya biyo baya daga bakin Bello muka ji shi, kuma shi mutum ne da ban taɓa jin an kama shi da ƙarya ba. Ya ce yana can nesa da shanunsa, da hantsi, ya hango motarka ta hau tudun tsamiya ta tsaya. Ya ga ka fito ka buɗe ƙofa. Ya ga mutane suna saukowa, da yawa, maza da mata, har ya yi mamakin yadda motar ta ɗauke su. Ya ga ka wuce gaba da sandarka kana nuna musu ƙetare, suna biye da kai a hankali. Ya ɗauka shi ne ya rikita kwanaki, Asabar ce ta zo bai sani ba; abin da ya ɗaure masa kai kawai shi ne ba ka kira shi ba. Ya aika gida a ce wa Amina ta kai nono, baƙin Ƙadiri sun iso.

Amina ta hau tudun da ƙwarya a kai. Ta tarar da ƙofofin mota a buɗe. Ta tarar da tabarmi a shimfiɗe a inuwa, dukkansu, a jere kamar yadda kake jera su. Ta tarar da kai zaune ka jingina da tsamiya, kana fuskantar garinku, buta a gefenka, gemunka da sauran danshin alwala, carbi a hannunka. Ta yi sallama ba ka amsa ba. Ta duba gabas ta duba yamma, babu kowa a tudun, babu kowa a kan yashi.

Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Anas ya ce tabarmin ka shimfiɗa su ne don su sha iska, tun da sun kwana damina a naɗe, kuma hasken rana a kan ruwa yakan yaudari ido. Ya sauka ya duba sawu a yashi, amma kafin ya iso shanu sun riga sun sauka sun sha ruwa, sun tattake komai. Bello bai yi gardama da kowa ba. Ya zo gaisuwa, ya zauna a ƙofar gida, ya ce: "Ni dai abin da na gani na faɗa. Kuma ban ga alamar tsoro gare shi ba. Tafiya yake yi irin wadda ya saba." Ni ban san abin da zan ce ba, Kawu. Na koya daga gare ka cewa ba dole ne mutum ya san komai ba. Abin da na riƙe shi ne ka cika da alwala, a wurin da kake so, idonka a kan gida.

An yi maka sutura a Gusau da yammacin ranar. Mutanen ƙetare suka fito daga kangaye da zauruka, wasu a ƙafa tun daga bakin gari, har layin gidanka ya kasa ɗaukarsu. Dattawan Tungar Faru sun so a kai ka can a binne ka kusa da iyayenka, amma kowa ya san ba hali. Anas ya ba ni labarin abin da ya faru a maƙabarta. Ya ce da aka sa ka, aka jera itace, za a fara tura ƙasa, sai Malam Kabiru ya ce a dakata. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙulli na tsumma, ya tsufa har ya yi baƙi. Ya kwance shi. Ƙasa ce. Ya ce ranar da suka gudo ya duƙa ya ɗebe ta a ƙofar masallacin garin, ya ajiye don a zuba a nasa kabarin in ya mutu a baƙon wuri. Ya ce: "Ya fi ni cancanta. Shi ya riƙe muna garin." Ya zazzage ta duka a kanka, bai rage ko ƙwaya ba, ya karkaɗe tsumman. Anas ya ce ba wanda ya iya ɗaga kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Luba, wadda ta sha zaman zullumi kowace Asabar ba ta taɓa hana ka abincin tafiya ba. Ga 'ya'yanka Anas da Hanatu da Maryam. Ga surukanka na 'Yankuzo da sauran dangi na Tsafe. Ga abokan aikinka direbobi da 'yan kamasho na tasha. Ga Bello da Amina da iyalinsu. Ga mutanen Tungar Faru da maƙwabtansu a duk inda suke fake a Gusau da Bungudu. Rashin namu ne gaba ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ya Allah, ga bawanKa Abdulƙadir ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci. Ya riƙe hannun makaho, ya tsamo tsohuwa daga ruwa, ya ɗauki marainiya ya mai da ita mutum. Ka riƙe hannunsa ranar da ba mai riƙe wani. Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Ka sanya shi a Aljannar da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinta. Ka jiƙan Inna Lantana da Salisu, da duk waɗanda suka tafi ba mu san kabarinsu ba. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ka mayar da kowa garinsu da ransa, ya shiga ta ƙofa, ya hura wuta, hayaƙi ya tashi.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.